Sunan Da Yaya Hindatu Ta Ƙi Faɗa

A watan nan yayata Hindatu take cika shekara bakwai da rasuwa, shekara goma kuma da barin Makka ba da son ranta ba. Ina rubutun nan a unguwar Utaibiyya ta Makka, a gidan hayar da muka zauna tare, ita kuwa tana kwance a wata maƙabarta a Kano. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu. Duk shekara sai in ce bari zuciyata ta ƙara hucewa, to ga shi furfura ta fara fito mini zuciyar ba ta huce ba. Masu karatu sai ku yi haƙuri ku karɓe shi da zafinsa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Yaya Hindatu masaniyar halayyar ɗan Adam ce, irin masu aikin nan da suke zaunar da mai damuwa su saurare shi har a gano bakin zaren. Ba ta ba da ƙwaya, ba ta yin allura. Mutanen unguwa suna ce mata likitar mahaukata, ita kuma takan ce ai gara su, sun san akwai abin da yake damunsu. Wani asibitin kuɗi ne ya ɗauko ta daga Najeriya saboda tana jin Hausa da Larabci. Mijinta a nan ya rasu, a nan aka binne shi, Allah bai ba su haihuwa ba. Da na samu gurbin ƙaro karatun fiƙihu sai na sauka a wajenta. Tana kirana Malam Ƙarami, musamman in na dawo daga aji da wata fatawa ina zumuɗin sauke mata.

Masu irin aikinta suna da wata al'ada da ban san da ita ba sai da na zauna da su. Wanda yake wuni yana sauraren damuwar mutane, shi ma kansa yakan ɗaure. Don haka sukan haɗu su-ya-su, ɗaya ya kawo matsalar da ta tsaya masa, ya cire sunan mai ita da duk abin da zai sa a gane shi, sauran su duba masa inda ya kauce. Hausawan da suke wannan fanni tsakanin Makka da Jidda ba su da yawa, kafet ɗaya ya ishe su. Sukan zauna ranar Alhamis bayan la'asar a falon ɗaya daga cikinsu, Dakta Bashir, a unguwar Hindawiyya, ana shan shayi ana gardama har a kira magariba. Dokar zaman guda ce, abin da aka faɗa a falon, a falon zai tsaya. Ni sun jawo ni ciki ne saboda tambayoyin saki da rantsuwa da tsarki da suke yawan tasowa, kuma na ɗauki alkawarin da kowa ya ɗauka.

Tun zuwana na tarar zaman ya rabu biyu. Dakta Bashir a Turai ya yi karatu, ra'ayinsa kuma shi ne addini a bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Mutum ne mai salla a sahun gaba, amma yana ganin da zarar ma'aikaci ya fara jawo aya a ɗakin duba mara lafiya, to ya bar aikinsa ya shiga na liman. Ɗaya ɓangaren Malam Tasi'u ne jagora, mai ba da shawara kan zaman aure, wanda yake cewa ilimin nan waɗanda ba su san Allah ba ne suka gina shi, sai an wanke shi tas kafin Musulmi ya taɓa. A wajensa, in mara lafiya ya fara furta abin da ya saɓa wa addini, wajibi ne a tsayar da shi nan take a sa shi istigfari. Da farko gardama ce ta masu ci a faranti ɗaya. A hankali aka fara laƙabi, waɗannan su ce 'yan boko aƙida, waɗancan su ce masu rukiyya da kwalin jami'a. Sabon zuwa kuwa, kafin ya shanye kofin farko an auna shi an san layin da za a ajiye shi.

Yaya Hindatu ta ƙi shiga layi, kuma wannan ne laifinta na farko a wajen kowa. Ga ta da baki, ba ta iya ganin kuskure ta wuce, ni kaina na sha wuya a hannunta. Aikin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne waswasi. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka maimaita alwala ne kawai da shakkar raka'a. Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutum mai tsoron Allah yana zaune sai wata mummunar magana a kan Ubangijinsa ta faɗo masa a zuciya, bai kira ta ba, ba ya son ta, yana korar ta tana dawowa da ƙarfi, kuma wa zai gaya wa? A Makka abin ya fi tsanani, saboda mutum yana ganin ya zo wuri mafi tsarki da ƙazanta a ƙirjinsa. Hanyarta ita ce ta rufe ƙofa ta ce wa mai ciwon ya faɗi abin yadda yake zuwa masa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya faɗa a gaban wani ya ga rufin ɗaki bai faɗo ba, ya kuma ji abin da malamai suka ce, cewa Allah ba ya kama bawa da abin da ya ratsa zuciyarsa yana ƙin sa, to igiyar ta fara sassautawa. Daga nan sai ta riƙa tura shi Harami kaɗan-kaɗan. Malam Tasi'u bai yarda da furtawar ba, Dakta Bashir kuma maganar malaman da tura mutum Harami ce ba ta yi masa ba.

Wata Alhamis ta kawo matsalar wata matar aure, Bahaushiya, mai jego. Iyakar abin da ta faɗa game da ita ke nan, ba unguwa, ba garin asali. Matar ta daina zuwa Harami domin duk sanda idonta ya sauka kan Ka'aba sai maganganun su taso. Ta yanke wa kanta hukuncin ta fita daga Musulunci, saboda haka aurenta ya warware, saboda haka zaman da take yi da mijinta haramun ne. Ta daina cin abinci, nono ya fara ƙafewa, har ta fara cewa mutuwa ta fi mata sauƙi. Mijin bai san komai ba, ya ɗauka gajiyar jego ce. Shawara Yaya take nema kan yadda za ta mayar da ita ɗawafi ba tare da ta firgita ta ba.

Sai Dakta Bashir ya yi tambayar da kowane ɗan fanninsu zai yi, ya ce me matar take faɗa, kalma da kalma? A aikinsu wannan ba tsegumi ba ne, domin a cikin ainihin kalmomin ake rarrabe mai waswasi da wanda hankalinsa ya fara gushewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. An horar da su kada su gyara maganar mara lafiya, kada su yi mata kwalliya. Ita kuwa Yaya, da yake tana cikin 'yan'uwanta ne ƙofa a rufe, sai ta maimaita zancen yadda matar ta faɗa mata. Ba zan rubuta kalmomin a nan ba, ba zan rubuta su a ko'ina ba. Gajeru ne.

Malam Tasi'u ya miƙe tana gamawa, yana neman takalminsa. Na ce masa ya zauna, domin shi ma ya san ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne. Ya juyo ya kira sunana ya ce, “A littafi haka yake, Malam Sagiru. Amma nan Makka ce.” Ya fita, mutanensa suka bi shi.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo wani guntun sauti ya fara yawo a wayoyin Hausawan Makka. Muryar Yaya Hindatu ce tsaf tana faɗin waɗancan kalmomi, an yanke tambayar da ta zo kafinsu, an yanke bayanin da ya biyo baya. Har yau ban san wanda ya ɗauka ba. Malam Tasi'u ya rantse mini da Allah ba shi ba ne, na kuma karɓi rantsuwarsa, domin mutum ne mai zafi amma ban san shi da munafunci ba. Wani ne dai daga cikin waɗanda suka sha shayi da mu, ya kifa wayarsa a kan kafet yana murmushi. In yana karanta wannan shafi, ya sani Yaya ta yafe masa, ni ban yafe ba.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane irin tsoron da muka shiga. Baƙo raɓa ne, mu kuwa duk daɗewarmu baƙi ne, zamanmu yana rataye da ikama, takardar izinin zama, ita kuma tana hannun wanda ya ɗauke ka aiki. Maƙwabciyarmu da take aiko mana da waina duk Juma'a ta daina amsa sallamar Yaya a matakala. A unguwar Misfala mai shagon da muke sayen shinkafa ya hango ni ya juya baya yana gyaran kaya. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta taga.

Ba a jima ba wani ya kai maganar wajen mudirin asibitin, wato shugabansa, ya aiko a kira ta. Na raka ta. Dattijo ne mai sanyin magana, ya ba mu gahawa, kuma na ga alama ya yarda da bayaninta tun kafin ta gama. Sai dai yarda ba ta ishe shi ba, yana son abin da zai nuna wa masu buga masa waya. Ya ce hanya mai sauƙi ce. Ta faɗi sunan matar, a kira ta da mijinta, ta tabbatar a gaban shaidu cewa maganar tata ce kuma ciwo ne ya sa ta, shi ke nan a rufe zancen. In ba haka ba, ba zai iya sabunta mata kwantiragi ba, sai dai ya buga mata huruj, fita ta ƙarshe, ta tattara ta koma gida.

“Ya duktura, suna ɗaya ne kawai,” in ji shi, yana kiranta likita da Larabci.

Ta ce, “Ba nawa ba ne balle in bayar.”

Ya ba ta lokaci ta je ta yi tunani.

A hanyar dawowa na yi mata faɗa irin wanda ƙane ba ya yi wa yayarsa, kuma ko yau aka dawo da ranar zan sake yi. Na tuna mata mijinta yana kwance a garin nan, kuma ita da bakinta ta sha cewa ba ta da burin da ya wuce a sallace ta a Harami a kai ta kusa da shi. Na ce matar nan mara lafiya ce, shari'a ba ta kama ta da komai ba, ni da kaina zan je in yi wa mijin bayani da littafi a hannu. Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni ko na tabbata mijin zai saurari littafina, tunda masu digiri ma da suka ji zancen daga tushe sun tashi sun fita. Ta ce wani zai raɗa masa cewa auren ya ɓaci, danginsa za su karɓe jaririn, matar kuwa da ma a bakin rami take tsaye. Bayan ita kuma babu macen da za ta sake buɗe baki a gaban mai irin aikinta. Sai na ƙara ɗaga murya, wanda shi ne abin da muke yi mu malamai in hujja ta ƙare.

Akwai hanya ɗaya da ta rage, kuma ita ce ta fi ci mini rai har yau. Mutanen falon nan duk sun ga abin da ya faru. Da sun tashi gaba ɗaya sun je wajen mudir sun ce muna wurin, haka aikinmu yake, labari take bayarwa, ina kyautata zaton da dattijon ya sami abin riƙewa. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam Tasi'u ya ce zai yi shaida, da sharaɗin ta fito fili ta ce hanyarta kuskure ce, ta kuma daina. Dakta Bashir, wanda tambayarsa ce ta jawo komai, ya ce shi ma zai je, in ta yarda a gaban zaman cewa cusa addini cikin magani shi ya kai ta ga wannan. Kowa yana son ya cece ta, amma sai ta zama hujjarsa a kan ɗan'uwansa tukuna. Ta ce musu ba za ta kira fari baƙi ba alhali tana ganin mutane suna warkewa a hannunta. Ƙananan cikin masu zaman kuwa suka ga gemu ya kama wuta a kusa, kowa ya koma gida yana shafa wa nasa ruwa, kuma su ban cika ganin laifinsu ba, suna da 'ya'ya a makaranta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa ban taɓa riƙe mudir a zuciya ba kamar yadda na riƙe manyan nan biyu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda fannin nata ya koma yanzu. Wani abu zai faranta mata, domin yau matashi yana iya cewa yana ganin likitan damuwa ba tare da an fasa ba shi aure ba. Amma faɗan Hindawiyya ya bar falo ya hau waya, ya yi 'ya'ya da jikoki. Wannan ya yi bidiyo ya ce duk mai ambaton addu'a a ɗakin magani ɗan tsibbu ne, wancan ya mayar masa da cewa duk mai karanta littafin Turawa yana lalata aƙidar 'ya'yan Musulmi, mabiya suna ta tafi a ƙasa. Wata matashiya 'yar fannin, haifaffiyar nan, ta gaya mini da Hausarta mai gauraye da Larabci cewa in matsala ta tsaya mata gara ta kwana da ita da ta kai wa abokan aiki, domin ba ta san wanda zai juya ta ya yi mata shari'a da ita ba. Zaman Alhamis kansa bai daɗe ba bayan tafiyar Yaya ya watse, kuma ban ji an sake kafa irinsa ba.

Kada wani ya ɗauka ina kira ne a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ni malamin fiƙihu ne, na san harshe yana da iyaka, kuma wanda ya tsaya a kasuwa ya yi izgili da addini ba ni da abin kare shi. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta. Mara lafiya yana buƙatar ɗaki guda da zai fitar da abin da yake cinsa. Mai yi masa magani shi ma yana buƙatar ɗakin da zai ce wa 'yan'uwansa ga abin da na ji, ga abin da na yi, ku gyara mini, ba tare da an fara tambayarsa katin jam'iyya ba. Masu ba da labarin marasa lafiyarsu a bidiyo don tara mabiya kuwa, suna gyara murya suna cewa wata baiwar Allah ta zo wajena, da Yaya ta gan su na tabbata da ta yi jifa da wayar. Ni ma ban faɗi komai a nan game da matar ba sai abin da garin ya riga ya ji.

Da ta tabbata tafiya ta zama dole, sai ta ce mini za ta yi bankwana gida-gida, kamar yadda aka saba in mutum zai koma ƙasa gaba ɗaya. Na ɗauka gidajen aminai take nufi. Ashe kowane gidan Bahaushe da ta sani take nufi, daga Utaibiyya zuwa Hindawiyya zuwa lungunan Misfala, har da na waɗanda suka tura sautin nan gaba. Makonni muka yi muna wannan zagaye cikin zafin Makka, in tsaya a ƙofa, ita ta shige wajen mata ta daɗe. Wasu gidajen sai ta sake komawa, wai ta manta ba ta nemi gafarar tsohuwar gidan ba, ko ta yi wa yara alkawarin alewa. A wani gida ko ruwa ba a ba mu ba. A wani kuma ina jin matar gidan tana cewa da ƙarfi, don in ji, ai ƙofar tuba a buɗe take. Na cika na batse. Na ce mata wannan zubar da kai ne, mutanen da suka ci mutuncinta ne take bi tana neman yafiyarsu. Ta ce, “Malam Ƙarami, kai dai nemo mana tasi.”

Ranar da ta yi ɗawafin bankwana ban iya kallon fuskarta ba. Sai a filin jirgin Jidda ta gaya mini dalilin zagayen. Tun ranar da sautin ya fita mutane suka sa ido a ƙofar ofishinta, suna son ganin wace mai jego ce take shiga, domin raɗe-raɗi ya riga ya fito daga falon cewa maganar wata mai jego ce. Matar ta daina zuwa don tsoro, ga maganin bai ƙare ba, ga shi ta ji maganganunta suna yawo garin yana tsinuwa a kansu, wanda ya isa ya ƙarasa ta. Waya kuma kowa ya ga abin da ta yi mana. In Yaya ta je gidanta ita kaɗai, ta nuna ta da yatsa ke nan. Shi ya sa ta shiga kowane gida, don gida ɗaya ya ɓace a cikinsu. A ɗayan gidajen da na tsaya a ƙofarsu ina tsaki, a nan ta ƙarasa aikinta.

Shekara uku ta yi a Kano. Ta kama ɗan ɗaki tana ganin mata, ciwon ƙoda kuma yana cinta a hankali. Sautin ya riga ta isa gida, saboda haka a cikin dangi ma akwai waɗanda ba su ƙara cin abincin hannunta ba. A hutuna na ƙarshe da na same ta da rai, wata safiya na tarar da ita a tsakar gida tana ta fara'a kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, “Ta yi ɗawafi jiya. Cikakke, ita kaɗai.” Ban buƙaci a gaya mini wa take nufi ba. Na ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai na ce to yanzu da komai ya wuce ai sai ta gaya mini ko wace ce, ni dai ɗan'uwanta ne. Ta dube ni yadda take dubana tun ina yaro in na taɓa nama a tukunya, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in tashi in kawo mata maganinta.

Malam Tasi'u ya koma gida tuntuni, kuma na ji an ce shi ma mutanensa sun juya masa baya saboda ya tura wani magidanci wajen likitan ƙwaƙwalwa. Dakta Bashir kuwa kwanakin baya muka haɗu a wata jana'iza. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya riƙe hannuna ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo, ya ce fannin ya yi rashi. Na amsa da amin kawai, domin wurin ba na faɗa ba ne. Sai ya rage murya ya ce, “Malam Sagiru, ai an daɗe. Wai wace ce matar nan?” Na ce masa ban sani ba. Ya yi murmushin wanda bai yarda ba, ya saki hannuna.

Gaskiya na gaya masa. Yaya Hindatu ba ta bar ɗa ba, ba ta rubuta littafi ba, kuma a cikin masu fannin babu ɓangaren da yake ambatonta a matsayin tasa. Sunanta bai gama wankuwa ba, har yanzu akwai tsofaffin wayoyi da muryarta take ciki, akwai kuma masu cewa Allah ya kyauta in an ambace ta. Kabarin da ta so ba ta samu ba, wannan kuma ban daina jin zafinsa ba, ba na jin zan daina. Abin da ta bari shi ne wata mata a ɗaya daga cikin unguwannin nan, tana ɗakin mijinta, jaririn nan ya girma, wataƙila yana zuwa hadda, kuma babu mai nuna ta a hanya. Wataƙila na sha gaisawa da mijinta a masallaci. In na shiga Harami na ga mata suna kewaya Ɗakin Allah, nakan tuna ɗaya daga cikinsu yayata ce ta bar mata wuri, sai in sunkuyar da kai in daina duban fuskoki, kada in yi kuskure in gane ta. Allah ya jiƙan Hindatu, ya rufa mata asiri ranar da asirai suke tonuwa, kamar yadda ta rufa na baiwarsa.